Albasar Galmi da neman feloshif: inda aka kwana

Litinin, 18 ga Agusta 2025

Toh bismillah, na fara ajiye wannan lissafin ne saboda ƙannenmu na zango da suke ta tambayata wai bayan digiri na uku sai me, kuma ni ma in riƙa ganin inda na kwana. Na gama nawa a 2023 a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata jami'a mai zaman kanta nan Accra, amma ni ba cikakkiyar ma'aikaciya ba ce, awa ake ƙirga min a biya ni. A gida tunda aka fara ce min Dokta kowa ya ɗauka wahala ta ƙare, Mma har cewa take "ke kuma wane karatu ya rage miki", alhali daga ranar da aka miƙa maka takardar nan ake fara ƙirga maka shekaru, don kusan duk feloshif na masu tasowa suna da iyaka, wasu shekara 4 bayan digiri wasu 5 wasu 7, in ka wuce ka fita daga layin yara kuma ba ka kai shiga layin manya ba.

Ga wanda bai san abun ba, feloshif daban sikolashif daban, ba aji za ka je ka zauna ba kuma ba wata takarda za a ba ka a ƙarshe. Lokaci ake saya maka. A ɗauke ka daga koyarwa da makin takardun ɗalibai wata shida ko shekara ko biyu, a ba ka ofis da laburare da albashi, ka zauna ka mayar da tesis ɗinka littafi ko ka fitar da maƙala biyu uku a mujallun da ake ji da su, don da su ake ɗaukar mutum aiki na dindindin kuma da su ake ƙarin girma. Ni in na dawo unguwar Madina cikin trotro, motar haya, bayan magariba, ga girki ga yarinya ga shirin lakcar gobe, wallahi ko sakin layi ɗaya ba na iya rubutawa.

Abun da na tattara zuwa yanzu iri-iri ne. Akwai na Amurka masu suna, Belfer Center a Harvard, CDDRL a Stanford, Niehaus Center a Princeton, galibi shekarar karatu ɗaya ce kuma da duk duniya kake gasa, har da yaran da suka fito daga irin waɗannan makarantun riƙe da wasiƙun malaman da kowa ya san sunansu. Akwai Georg Forster na gidauniyar Humboldt a Jamus, shi na ƙasashe masu tasowa ne, wata 6 zuwa 24, amma sai ka samo farfesan can da zai ce ya karɓe ka. Na British Academy ma haka, sai da jami'ar Ingila da za ta tsaya maka. Sai namu na nahiyar, Iso Lomso na STIAS a Stellenbosch can Afirka ta Kudu, shekara uku amma ba zama ɗaya ba, kana zuwa kana dawowa bakin aikinka, da African Peacebuilding Network na SSRC da suka saba ba da har dala 15,000 na wata shida, da CODESRIA a Dakar, sannan ga cibiyar bincike ta MIASA nan Jami'ar Ghana da ke Legon a ƙofar gida, kuɗin Jamus ne amma ba biza ba jirgi. Ba zan faɗi waɗanda zan cike ba sai an gama, kun san mu da baki.

Laraba, 27 ga Agusta

Maganar da zan nemi kuɗi a kanta albasa ce, na san wasu za su yi dariya, ku yi. Kawuna ɗan albasa ne tun kafin a haife ni, da a kasuwar Agbogbloshie nan Accra yake har 2021 da aka tashe su aka kai su Adjen Kotoku can bayan Amasaman. Albasar da Accra ke ci mafi yawanta daga Nijar take zuwa, 'yar Galmi, ta Bawku ba ta isar mu. Tun 1979 ECOWAS ta yi yarjejeniyar zirga-zirga, ɗan wannan ƙasa ya shiga waccan ya yi kwana 90 ba biza, amfanin gona kuma ya wuce ba kuɗin fito, a takarda dai haka yake. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta saka takunkumi, aka toshe gadar Malanville da Gaya da ke kan iyakar Benin da Nijar, motoci suka yi layi kaya na ruɓewa a ciki, buhu ya yi tashin gwauron zabo a nan. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 amma Nijar ta ƙi buɗe nata ɓangaren da Benin, sai ranar 29 ga Janairun bana Mali da Burkina da Nijar suka fice daga ƙungiyar gaba ɗaya, suka fito da fasfonsu na AES, ƙawancen da su ukun suka kafa, ECOWAS kuma ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da kayansu kaman da har sai an yi sabuwar magana.

Toh tambayata ɗaya ce, in yarjejeniyar da ake taƙama da ita ta koma ta wucin gadi, me ke riƙe da cinikin, don albasa ba ta daina zuwa ba. Ni abun da nake gani maigida ne da dillali da direba da ɗan'uwa a Ƙonni da bashin da ba a rubuta a gaban lauya, tsarin da ya girmi ECOWAS ya girmi Ghana kanta, tun zamanin fataken goro na Salaga.

Asabar, 6 ga Satumba

Na ba wani abokin aiki daftarin ya duba, shi ya taɓa samun irin wannan a Turai. Ya dawo min da shi ya cika shafin farko da jan biro, ya ce Hajiya wannan ba zai sayu ba, ba mai ba ki yuro don albasa, ki sa tsaro a take, ki sa 'yan ta'adda, ki sa Rasha, ki ce kina bin yadda masu iƙirarin jihadi ke cin kuɗin hanya daga motocin da ke gangarowa arewacin Ghana, gobe-gobe za a kira ki. Kuma ba ƙarya ya yi ba, duk mai karanta sanarwar nan ya san Sahel yanzu da tsaro ake tallar ta, taro a otal-otal ɗin Accra ba ya ƙarewa a kai.

Na kwana ina juya maganar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in na karɓi kuɗi da sunan ta'addanci toh rahoton ta'addanci zan rubuta, kuma waɗanda zan zauna da su in yi wa tambaya su ne Kawu da abokansa, mutanen da dama can duk abun da ya faru a ƙasar nan zango ake fara kallo. Kakanninmu sun ga 1969, lokacin firaminista Busia da dokar korar baƙi, aka ba mutane sati biyu su tattara nasu ya nasu, har yau akwai tsofaffi a Nima da Sabon Zango da ba sa son a tambaye su garin asali, kuma har yau mai suna irin namu in ya je neman katin ɗan ƙasa yakan sha tambayar da ba a yi wa na gabansa a layi ba. Ni da hannuna in rubuta takarda da Turanci da ke haɗa motar albasa da 'yan bindiga, ta shiga intanet ta zauna har abada, don in samu shekara ɗaya a ƙasar sanyi? A'a. Rashin tsaro a hanya gaskiya ne, direbobi na faɗa kullum, zai shiga ciki a matsayin abun da ke ƙara wa tafiya kwana da kuɗi, amma ba zai hau take ba. Abokin nawa ya ce chale, kin ji da taurin kanki.

Talata, 16 ga Satumba

Adjen Kotoku tun asuba. Ana son ka nuna ka ɗan fara aikin kafin ka nemi kuɗi, kuma kwamitin ɗa'ar bincike na son takardar amincewa da kowa zai sa wa hannu, na mayar da ita Hausa tsaf na buga na kai. Kawu na zaune kan benci bakin rumfa, yara na zazzage buhu suna ware ruɓaɓɓu gefe, ya karɓa ya juya ta gaba da baya ya miƙo min abata, ya ce "ɗiyata, ki tambaye ni duk abun da kike so in faɗa miki, amma hannu ba na sawa, wanda ya sa hannu shi ake nema." Sauran ma haka, ba wanda ya ƙi magana kuma ba wanda ya taɓa biro. Zan koma wa kwamitin in nemi su yarda da amincewa ta baki a rikoda, ba suna ba lambar mota.

Amma na ga abun da ya fi wannan. Littafinsa, irin na 'yan makaranta ne bango ya yi baƙi don riƙo, rabi ajami rabi lambobi, kowane shafi mota ɗaya: buhu nawa aka loda, wa ke da nawa a ciki don mota ɗaya ta mutum da yawa ce, kuɗin direba, sai wani dogon layi a gefe da yake kira kuɗin hanya, shinge bayan shinge. Kuɗin kuma ba ta banki yake tafiya ba, ya ba wani mutum kuɗin Ghana, sidi, a nan, ɗan'uwan wancan ya ba manomi sefa a can, saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa shaida. Ina zaune direba ya kira daga hanya, Kawu ya sa a sifika, bai tambayi farashi ba bai tambayi komai ba sai "kwana nawa kuka yi a tsaye", don duk kwanan da mota ta yi cikin rana asara ce da ba a gani sai an kwance bakin buhu. Na ce Kawu a bar ni in ɗauki hoton shafukan daga 2022 zuwa yau, ya ce sai ya yi shawara da abokan cinikinsa tunda ba sirrinsa shi kaɗai ba ne. In suka yarda wannan littafin shi ne binciken duka, ban taɓa ganin irin wannan lissafin a wani rahoto ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Wasiƙu, ɓangaren da ba a faɗa wa yara. Kowane feloshif na son mutum biyu ko uku su rubuto a kanka kai tsaye, kai ba ka ganin me suka ce, kuma in ɗaya bai tura ba kafin a rufe duk wahalarka ta bi ruwa. Farfesan da ya duba min tesis mutumin kirki ne amma ɗalibansa sun fi a ƙirga kuma rabin shekara yana cikin jirgi, dabarar ita ce a tura masa komai a imel ɗaya, sibi da furofozal da ranar rufewa da manyan baƙi da ɗan jerin abubuwan da kake so ya taɓo, sannan ka bi shi ofis da ƙafarka ka gaishe shi, imel kaɗai ba ya tashi da manyanmu. Ta biyu malamar da ta yi min jarrabawar tesis daga waje ce. Na ukun ne aiki, an fi son wanda ba malaminka ba, wanda ya san ka ta rubutunka, toh ni maƙala ɗaya gare ni a waje, ta biyu tana hannun wata mujalla tun kafin azumi ba amo ba labari. Nan ake barin mu a baya tun kafin a buɗe furofozal, don yaron da makarantarsa ta riƙa tura shi taro Turai da Amurka yana ɗalibi ya riga ya sha shayi da mutanen da za su zauna a kwamitin.

Ga kuma wasiƙar wurin aiki. Na nahiyar nan da yawa suna son shaida cewa kana da mazauni a wata jami'ar Afirka kuma za a sake ka ka je ka dawo, STIAS har tana iya taimaka wa makarantarka da kuɗin wanda zai riƙe maka aji. Tunani ne mai kyau don kar a kwashe mutane gaba ɗaya, amma da mai cikakken aiki aka yi shi a rai. Makarantarmu ta ce ba ta saba ba 'yan awa irin wannan wasiƙar ba, in dawo wani sati.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Bajet. A Afrilu dala ta haura sidi 15, zuwa Yuni ta faɗo ƙasa da 11, kowa na murna a kasuwa amma mai lissafin tallafi da dala kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya narke masa a hannu, kuma kuɗin masauki a garuruwan bakin iyaka, Paga da Bawku da Aflao, da ladan mai taimaka min da Zabarmanci ba su sauka ba. Na rage tafiye-tafiyen. Nijar ba zan saka ba, da wuya wani kwamiti ya sa hannu a tafiyar yanzu, hirar can ta waya za a yi ta hannun mutanen Kawu.

Na Amurka na ajiye su bana. A Yuli aka mayar da bizar 'yan Ghana wata uku shiga ɗaya, ƙarshen Satumba aka ce an dawo da ita yadda take, ga rigimar gwamnatin Trump da Harvard kan ɗaliban waje, ni da yarinya 'yar shekara uku ba zan ɗora shekara guda kan abun da ke canjawa kowane wata ba. Maigida dama ya ce duk inda za a je a tabbata akwai kuɗin iyali, Humboldt na ba da wannan, shi ya sa Jamus ta hau sama a jerina.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na tura na farko da daddare ana gab da rufewa. Kalma 1,500 suka ce, dole goro da Salaga suka fita duka, ya yi min ciwo. Wasiƙar makaranta ta fito, layi uku ce amma da hatimi. Alhamdulillah.

Litinin, 27 ga Oktoba

Wata farfesa a Jamus ta amsa imel ɗina, ta taɓa aiki kan kasuwannin Afirka ta Yamma. Gajere na rubuta mata, na nuna na karanta aikinta na faɗi inda nawa ya bambanta, na liƙa shafi ɗaya. Tambayarta ta farko ita ce me kike da shi a hannu wanda wani ba shi da shi, na ba ta labarin littafin. Ta ce in haɗa da tumatir, tunda shi ma da rani daga Burkina yake zuwa ta Paga amma mata ne ke riƙe da shi da ƙungiyoyinsu da sarauniyar kasuwa, su da kansu suke bin mota su je gona, ba kaman albasa ba da ake aikowa bisa amana. Hanya biyu, tsari biyu, matsala ɗaya. Wannan shawarar na karɓa da hannu biyu, don ta faɗaɗa tambayar ba ta canja min ita ba.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

An ƙi ni a wani ƙarami da ban ambata a sama ba. Sun dai yi kirki sun haɗo da sharhi, layi biyu: aikin na da daɗin karatu amma ba su ga wa zai yi amfani da shi a gwamnati ba. Na rufe kwamfuta na je na dama koko.

Asabar, 22 ga Nuwamba

A fannin nan namu dole ka kira sunan teburin da takardarka za ta sauka, don haka na kira musu. Hukumar ECOWAS a Abuja da ke da maganar rabuwa da AES a gabanta. Gwamnatin Mahama da ta naɗa Larry Gbevlo-Lartey wakili na musamman zuwa ƙasashen uku tun Janairu, shi kansa shugaban ya zagaya su a Maris, kuma a Maris ɗin ne AES ta sanar da harajin kashi 0.5 kan kayan da ke shigo mata daga waje. Sakatariyar AfCFTA, yarjejeniyar ciniki ba shinge ta Afirka, da ke zaune nan Accra, wadda abun mamaki a Yamai aka ƙaddamar da fara aikin yarjejeniyarta a Yuli 2019. Duk waɗannan in sun zauna maganar kuɗin fito suke da launin fasfo, alhali ɗan albasa bai damu da wannan ba kaman yadda ya damu da kwanakin tsayuwa da yawan shingaye, kuma wannan shi ne abun da littafin zai iya nunawa mota bayan mota, kafin 2023 da bayanta.

Su Kawu sun zauna bayan Juma'a sun yarda, da sharaɗi biyu. A rufe sunaye kafin a ɗauki hoto, kuma duk abun da na gano in zo rumfa in faɗa musu da Hausa kafin wani Bature ya ji. Na ƙara layi a bajet don wannan zaman, kujeru da ruwa da lasifika.

Talata, 9 ga Disamba

Intabiyu ta Zoom, na wanda na tura a Oktoba. Na ari ofishin wata 'yar'uwa don gudun dumso, wato ɗauke wuta, na ajiye waya biyu a gefe ko intanet zai yanke. Minti ashirin ne duka. Wani dattijo ya ce tunda babban mai ba ni bayani kawuna ne ta yaya za a yarda ban karkata ba, na ce masa ba don kawuna ba ne da ba mai bincike da zai ga bangon littafin nan balle cikinsa, amma zan gwada lissafinsa da na wasu rumfuna da ba danginmu ba da na matan tumatir da ba su san ni ba, in sun saɓa zan rubuta sun saɓa. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Sai wata ta kawo wadda na san za ta zo, ko cinikin na taimaka wa 'yan bindiga da kuɗi. Na ce wannan tambaya ce ta gaske amma ba da littafin ɗan kasuwa da hirar rumfa ake amsa ta ba, kuma ba zan yi alkawarin abun da hanyar bincikena ba za ta kai ba. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Sun ce sai Janairu.

Lahadi, 21 ga Disamba

Hunturu ya shigo, jarrabawa ta ƙare, takardun ɗalibai na jibge a ɗaki suna jira na. Mujallar nan ta farka, gyara mai yawa suka nema amma ba su ƙi ba, in na mayar kafin ƙarshen Janairu zan iya rubutawa a sibi cewa tana kan gyara, wannan ma wani abu ne. Farfesar Jamus ta ce za ta rubuta nata bayanin bayan hutun Kirsimeti. Na uku cikin masu wasiƙa har yanzu ban samu ba, akwai wani malami a Legon da ya saurari maƙalata a wani zama bara, ranar Talata zan je in gaishe shi in gani.

Na gama hoton shafukan 2022 da 2023, ƙanina na shigar da su kwamfuta, ajamin kuma ni da Kawu muke karantawa da yamma ta waya don wasu alamomin shi kaɗai ya san su. Daga Agusta 2023 layin kuɗin hanya ya daina isa gefen shafi, sai ya riƙa juyawa baya yana ci gaba. Bayan sabuwar shekara in albashin Disamba ya shigo zan hau motar Bolga in kwana biyu a Paga, lokacin matan tumatir sun fara hawa.